Neman shawara kan tuƙi lafiya a tsakanin direbobi da masu babura a Tailan

Baƙon Chonburi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar Tailan, musamman masu tuƙa mota da kansu. Aiki ne ya kawo ni lardin Chonburi tare da iyalina, kuma wurin aikin ya ba ni mota, wadda da ita zan riƙa kai yara makaranta da safe in wuce aiki, wani lokacin kuma in shiga Bankok. Na daɗe ina tuƙi kafin zuwana, saboda haka riƙon sitiyari ba ya ba ni wahala, kuma bin hannun hagu da zama a ɓangaren dama na mota na fara sabawa da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babura.

Duk lokacin da danja ta tsayar da ni, kafin in ankara babura sun cika gabana da hagu da dama, wasu har madubinsu yana neman gogar nawa, da zarar an ba da hannu kuma sai su tashi gaba ɗaya. Ranar nan ina ƙoƙarin fitowa daga gidan mai, na duba dama inda motoci suke tahowa na ga babu kowa, sai ga wata mata a kan babur daga hagu ta yi aron hannu a gefen titi, da yaro ɗaya a tsaye a gabanta, wani kuma a bayanta yana riƙe da ledar abinci, kuma babu mai hular kwano a cikinsu. Allah ya kiyaye ban riga na sa kan motar ba. Ba ta yi hon ba, ba ta ko ɗaure fuska ba, ta wuce abinta.

Ina so in san yadda kuke tafiyar da tuƙinku a cikin irin wannan hali, da abin da ya kamata in sani game da lasisi da inshora. Sannan mai ɗakina tana son a saya mata ƙaramin babur don zuwa kasuwa, kamar yadda ta ga matan unguwa suna yi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mazaunin Bankok:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da zuwa, Allah ya sa ka zo a sa'a. Tsoron da kake ji yana da tushe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa sama da mutum 22,000 ne suke mutuwa a titunan Tailan a shekara, wato kusan 33 a cikin kowane mutum 100,000, kuma kusan uku cikin huɗu na mamatan masu babura ne da waɗanda suka goyo. Rahoton 2023 ya nuna adadin ya sauko zuwa kimanin 25 a cikin 100,000, amma har yanzu ƙasar tana cikin mafi muni a nahiyar Asiya. Ma'anar wannan a gare ka, kai da kake cikin mota da bel a ɗaure, ita ce haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne ka buge wani, kuma wanda za ka buge ɗin kusan kullum yana kan babur.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne hannun hagunka na masu babura ne. Doka ta umarce su da bin gefen hagu, saboda haka ratar da ke tsakanin motarka da bakin titi hanya ce mai mutane a cikinta, ko da idonka bai gan su ba a wannan daƙiƙar. Idan za ka sha kwanar hagu, ko ka shiga gidan mai, ko ka shiga ɗaya daga cikin ƙananan layukan unguwa da suke kira soi, ka kunna sigina tun da nisa, ka rage gudu a hankali, ka duba madubin hagu, sannan ka waiwaya da kanka domin akwai wurin da madubi ba ya nunawa, kuma ka riƙa matsawa gefe kaɗan-kaɗan har ratar ta rufe kafin ka karya sitiyari. Mai babur a nan gwani ne wajen karanta motar da take tafiya a natse. Idan ya ga kana matsowa sannu a hankali zai zagaye ka ta dama ba tare da wata damuwa ba. Abin da yake kayar da shi shi ne juyin ba-zata, da birkin ba-zata, da ƙofar da aka buɗe ba a duba ba. Ka koya wa yaranka tun yanzu cewa ba a buɗe ƙofar mota sai an waiwaya, ko da ta ɓangaren bakin titi ce.

Matar da ka gani ba ita kaɗai ba ce, kuma yana da kyau ka fahimci dalilin aron hannun. Manyan titunan ƙasar an raba su da shinge ko rami a tsakiya, kuma wurin juyawa kan yi nisa ƙwarai, to wanda gidansa yake taku kaɗan a bayansa ba zai yi tafiyar kilomitoci don ya juyo ba, sai ya bi gefen titi ya fuskanci motoci. Laifi ne a doka, tararsa tana kaiwa baht 2,000 (baht shi ne kuɗin ƙasar), amma kullum ana yi, har da a-kori-kura a wasu ƙauyuka. Don haka duk inda za ka fito ka duba ɓangarori biyu, ko da titin mai hannu ɗaya ne, kuma duba na ƙarshe kafin ka saki birki ya zama na hagu.

Wuraren juyawar nan su kansu su ne na fi tsoro a duk tuƙin ƙasar. Mai son juyawa dole ya shiga layin dama, wanda shi ne layin masu gudu, ya tsaya cik a bakin giɓin shinge, sannan ya kutsa cikin layin masu gudu na ɗaya ɓangaren. A titin Sukhumvit da ya ratsa Chonburi za ka haɗu da wannan da tireloli masu ɗaukar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Laem Chabang, waɗanda idan suka fara juyawa sukan tare titin gaba ɗaya. Idan ka hango alamar wurin juyawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma kada ka zauna a layin dama in ba wucewa za ka yi ba. Idan kai ne za ka juya, kuma akwai gadar juyawa ko hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gada a gaba, gara ka ƙara tafiyar ka yi amfani da ita. Zuwa Bankok kuwa ina ba ka shawarar ka bi babbar hanya mai lamba 7 ka biya kuɗin shiga, saboda an hana babura hawanta kuma babu irin waɗannan giɓuɓɓuka a kanta.

Akwai kuma alamomin da direbobi suke yi wa juna, waɗanda jahiltarsu kan jawo karo. Idan mota ta ƙyafta maka fitila a mahaɗa, kada ka ɗauka hanya ta ba ka. Tana gaya maka ne cewa tana tafe kuma ba za ta tsaya ba. Wasu direbobin sukan kunna sigina biyu a lokaci guda idan za su miƙe a mahaɗar da babu danja. Idan ka ga rassan itace an zube su a kan kwalta a bayan gari, akwai motar da ta lalace a gaba. Hon kuwa ba a cika yin sa ba, kuma doguwar dannawa ana ɗaukarta a matsayin cin fuska, don haka ka taƙaita shi ga 'yar taɓawa idan ka ga wani bai lura da kai ba. A danja, ka bar baburan su tashi tukuna, kuma ko an ba ka hannu ka ɗan jinkirta ka duba, domin akwai masu ƙoƙarin tsallakewa bayan ja ta kama, musamman inda agogon danja yake nuna saura daƙiƙa biyu ko uku.

A taƙaice dai, kasancewar doka ta ba ka hannu ba ya kare kowa a kan kwalta. Ko kai ne da gaskiya, ka ba da hanya, kuma ka tafi yadda na bayanka da na gefenka za su san abin da za ka yi tun kafin ka yi shi.

Uwar Yara a Chiang Mai:

Malam, sannu da ƙoƙari, ka gaishe mini da 'yar'uwata. Alhaji ya gama magana a kan mota, ni kuwa batun babur ɗin uwargida ne ya sa na sa baki, domin a nan arewacin ƙasar muna ganin abin da yake faruwa da baƙi. Hanyar da ta tashi daga Chiang Mai zuwa garin Pai, mai lamba 1095, tana da lanƙwasa 762 a cikin duwatsu, kuma mutanen da ba su taɓa riƙe babur ba sukan yi haya su hau ta a ranarsu ta farko. Za ka gan su daga baya a cikin gari da bandeji a gwiwa da gwiwar hannu, wasu da ƙunar salansa a ƙauri, waɗannan kuma su ne masu sa'a.

Ban ce kada a saya mata ba, amma matan unguwar da take gani tun suna ƙanana suke kan babur, kuma idonsu ya saba da abin da nata bai saba da shi ba. Idan har za ta hau, to ta fara koyo a makarantar tuƙi, ta sami lasisin babur nata na kanta, domin a Tailan lasisin mota daban na babur daban. Haka lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, idan ba a buga masa izinin babur ba, bai halatta wa mai shi hawa ba, kuma kamfanonin inshora sukan ƙi biyan kuɗin asibiti idan aka yi haɗari babu lasisin da ya dace ko babu hular kwano. Hular ma a sayi mai rufe haɓa, a riƙa ɗaure igiyarta, a bar irin ta roba marar nauyi da ake sawa don tsoron 'yan sanda. Doka ta wajabta ta a kan mai tuƙi da wanda ya goyo, kuma tararta tana kaiwa baht 2,000. Ta tsaya a cikin layukan unguwa da rana, kada ta hau babban titi, kada kuma ta kuskura ta tsaya a gefen hagun tirela ko bas a bakin kwana, domin direban ba ya ganinta kuma tayoyin baya suna yanke kwana fiye da na gaba. Yara kuwa ina roƙonka kada a ɗora su a kai ko da sau ɗaya, komai kusancin wurin.

Game da naka lasisin, tunda zama ka zo yi, ka je ofishin Hukumar Sufurin Ƙasa na lardinku ka karɓi na Tailan. Za su nemi fasfo da biza, da takardar shaidar wurin zama ko takardar izinin aiki, da takardar likita, sannan su gwada ganinka na launuka da saurin taka birki. Na farko na shekara 2 ne, daga baya a ba ka na shekara 5. Tun gyaran dokar hanya na 2022 bel ya zama dole har ga na kujerar baya, kuma yaron da bai wuce shekara 6 ba ana buƙatar a zaunar da shi a kujerar yara ko a tsare shi ta hanyar da za ta kare shi.

Ka kuma kula da wurin tsallakar masu tafiya a ƙasa. A watan Janairun 2022 wani ɗan sanda a kan babban babur ya kashe wata likitar ido tana tsallaka titin Phaya Thai a Bankok a kan farin zanen, abin da ya girgiza ƙasar, kuma yanzu tarar ƙin tsayawa tana kaiwa baht 4,000. Idan za ka tsaya wa mai tsallakawa, ka fara rage gudu da wuri domin na bayanka bai zaci za ka tsaya ba, kuma ka lura da babur da zai iya fitowa ta gefenka ya same shi.

Mai Fatauci:

Hajiya, ki gafarce ni, amma a batun babur ni ra'ayina ya fi naki tsauri: kada a saya kwata-kwata. Wanda ya koyi babur da girma, a ƙasar da hannun tuƙinta ma sabo ne a gare shi, lokacin firgita jikinsa zai koma ga abin da ya saba, ya kauce zuwa ɓangaren da bai kamata ba. Akwai motocin haya na Grab da Bolt, akwai a-kori-kurar fasinja masu benci biyu da suke zagaya gari da kuɗi kaɗan, kuma kuɗinsu na shekara bai kai na kwana ɗaya a ɗakin tiyata ba.

Abin da zan ƙara wa Malam shi ne lokaci. Ni ina yawan bin titin Mittraphap zuwa arewa maso gabas, kuma na daina tafiyar dare a bayan gari, saboda babura marasa fitilar baya, da karnuka, da motocin rake a lokacin girbi, da masu dawowa daga shan barasa. Iyakar barasa a doka miligiram 50 ce a cikin kowane mililita 100 na jini, amma shingen 'yan sanda ba ya ko'ina. Lokacin bikin Songkran, wato sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, da kuma hutun sabuwar shekara, gwamnati da kanta tana ƙirga mamata kullum a abin da ake kira kwanaki bakwai masu haɗari, kuma a Songkran ana watsa wa masu babura ruwa suna cikin tafiya. A waɗannan ranaku ka ajiye motar in ba dole ba. Da damina kuma, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan farko bayan kwanakin rana shi ne mafi santsi domin yana taso da man da ya kwanta a kwalta, kuma masu babura sukan taru a ƙarƙashin gadoji suna sa rigar ruwa, har su ci rabin layi.

Baƙon Chonburi:

Na gode ƙwarai, Alhaji da Hajiya da ɗan'uwa Mai Fatauci, Allah ya bar zumunci. Mun tattauna da mai ɗakina, mun jingine maganar babur tukuna. Saura tambaya ɗaya da ba a taɓa ba sosai. Idan ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, na yi karo da mai babur, me ya kamata in yi a wurin, alhali ba na jin harshensu? Wasu sun ce mini baƙo ne kullum ake ɗora wa laifi, kuma wannan maganar tana damuna.

Tsohon Mazaunin Bankok:

Malam, maganar cewa baƙo ne kullum mai laifi an yi mata ƙari. Abin da na lura da shi shi ne, idan mota da babur suka haɗu, jama'a sukan sa ran mai motar ya taimaka da kuɗin magani ko da ba shi ne da laifi ba, saboda ana ganin ya fi ƙarfi, kuma wannan ya shafi 'yan ƙasa kamar yadda ya shafi baƙi. Abin da zai tsaya maka shi ne inshora mai kyau da kyamara.

Tun gobe ka tambayi wurin aikinka irin inshorar da ke kan motar. Akwai ta dole da kowace mota da babur suke da ita, wadda ake kira Por Ror Bor, amma ita raunin jiki da mutuwa kaɗai take biya, kuma kuɗin maganin da take bayarwa kafin a tantance mai laifi bai wuce baht 30,000 ba. Ba ruwanta da gyaran mota ko na babur. Wadda kake buƙata ita ce mai daraja ta ɗaya, wadda take ɗaukar motarka da ta wanda kuka yi karo da shi, kuma yawanci tana haɗawa da kuɗin beli. Ka rubuta lambar kamfanin ka ajiye a cikin motar da kuma wayarka. Sannan ka sa kyamara gaba da baya, domin hoton bidiyo yana kashe gardama ba tare da ka iya harshen kowa ba, kuma 'yan sanda da ma'aikatan inshora sun saba karɓarsa.

Idan abin ya faru, ka tsaya, kada ka bar wurin ko da tsoro ya kama ka, domin gudu laifi ne mai zaman kansa kuma yana sa a ɗauka kai ne mai laifi. Ka kunna sigina biyu, ka fara duba wanda ya faɗi. Idan akwai rauni ka kira 1669 don motar asibiti, kada ka cire masa hular kwano, kada kuma ka ɗaga shi in ba wata motar ce za ta taka shi ba. 'Yan sanda 191 ne, amma kai da ba ka jin harshen ka kira 1155, 'yan sandan masu yawon buɗe ido, waɗanda suke jin Turanci kuma suna iya yi maka tafinta. A manyan hanyoyin bayan gari kuwa akwai 1193. Daga nan ka kira inshora. Za su turo ma'aikacinsu, galibi a kan babur, ya ɗauki hotuna, ya yi magana da ɗaya ɓangaren, ya rubuta takardar gyara. Kafin ya iso ka ɗauki hoton yadda motar da babur suke a kwance, da lambobinsu, da zanen titi, kuma kada ka matsar da motar sai ka yi haka ko ɗan sanda ya umarce ka.

Kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, kada ka yi alkawarin kuɗi a bakin titi, ka bar ma'aikacin inshora ya yi wannan maganar. Kuma duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka ɗaga murya ko ka nuna mutum da yatsa. Mutanen nan suna ƙin a kunyata su a bainar jama'a, kuma ƙaramar gogayya takan zama babbar rigima idan aka yi wa wani tsawa a gaban mutane, alhali wanda ya fito a natse, ya tambayi lafiyar wanda ya faɗi, ya miƙa masa ruwa, yakan ga taron da ya kewaye shi ya koma taimakonsa. Idan an kai mutumin asibiti, yana da kyau ka je ka duba shi tare da wani abokin aikinka ɗan ƙasa, domin ana lura da hakan idan aka zo zaman sasantawa a ofishin 'yan sanda.